Ƙudirin Taki da Surukina na Kudan

Duk lokacin da zaɓe ya matso, sai matasa su cika mini ƙofar gida a nan Ikara, wai sun zo gaisuwa. Na san irin gaisuwar. Kowannensu da fastarsa a naɗe cikin aljihu, so yake in sa masa albarka ya tafi majalisar jiha. Kwanan baya wani daga cikinsu ya ce da ni, "Baba Onarabul, ai wannan aikin ba shi da wuya. Ka zauna a kujera mai laushi, in an ce masu goyon baya ka ɗaga murya, shi ke nan ka tashi." Na yi dariya har na ƙware. Na yi koyarwa, na yi noma, na yi majalisa, kuma a cikin ukun nan babu wanda ya fitar mini da gumi kamar majalisa, duk da ko shekara biyu ban cika a cikinta ba sojoji suka kore mu. Aiki guda ɗaya zan ba ku labarinsa, na takin zamani, ku auna da kanku.

A zamanin sojoji ne ke riƙe da ƙasa daga sama, sai suka ce to, a jihohi farar hula su gwada mu gani. Suka ƙaga jam'iyyu biyu, suka ce kowa ya shiga wadda ta yi masa. Ina hedimasta a Janfalan mutanenmu suka matsa sai na tsaya. Zaɓen kuwa ƙato bayan ƙato aka yi shi. Ba akwati, ba ɓoye-ɓoye. A kafa hotonka a jikin bishiya, duk mai son ka ya zo ya tsaya a bayansa, a bi layi ana ƙirgawa da ƙarfi kowa yana ji. Kai, ranar nan na ga abin da ban taɓa gani ba! Na hau babur na zagaya har Saulawa, na tarar layina ya miƙe ya wuce rijiyar gari ya karya kwana. Mutumin da ke kan gaba wani manomi ne dogo, Dogo Ayuba, dattijo a cocinsu, ya riƙe sandarsa yana daka wa mutane tsawa su daidaita layi. Da ya hango ni sai ya ɗaga sandar ya ce, "Malam, ka gan mu da idonka ko? To kada ka manta fuskokin nan."

Na ci. A ranar kuma surukina, mahaifin matata, ya ci tasa kujerar a ɓangaren Kudan, amma a ɗaya jam'iyyar. Tasu ce ta kafa gwamna, ita ce ke da rinjaye a majalisa, kuma da aka zauna shi suka naɗa shugaban masu rinjaye. Matata ta yi ta guɗa, ta ce ita dai ta kowane gefe ta ci zaɓe. Ni ma na taya ta murna, don ban hango abin da ke gabana ba.

Ku yaran yanzu kuna zama da surukanku a kujera ɗaya kuna kallon ƙwallo. Mu ba haka muka tashi ba. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi zan tuɓe takalmi tun daga nesa in durƙusa. In ina da magana da shi sai na nemi wanda zan aika. Sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakina ba, har yau da ya daɗe da rasuwa, kuma ba a takarda zan fara ba. Baba na Kudan nake ce masa.

Makon farko a Kaduna na gane hedimasta ya koma aji ɗaya. Wanda ya koya mini aikin wani dattijo ne cikin akawunan majalisa, Malam Bitrus, mutumin kudancin jiharmu. Ya yi aiki da majalisar da ta gabace mu, wadda ita ma sojoji suka rushe, ya adana littafin ƙa'idojinta a cikin leda duk tsawon shekarun nan. Ya gan ni ina zarya a baranda da babbar riga kamar mai neman ɗakin haihuwa, sai ya kira ni ofishinsa ya ajiye mini littafin a gaba. Ya ce, "Malam, alli ya ƙare. Wannan shi ne garmarka. Wanda ya san shi, ko shi kaɗai ne zai iya tsayar da zauren nan cak." Ya nuna mini takardar jadawali da ake rabawa kowace safiya, ya ce abin da ba ya cikinta ba a maganarsa, ko da gari ne ke cin wuta, sai da izinin shugaban majalisa. Ya nuna mini yadda ake rubuta ƙudiri, wato buƙatar da ɗan majalisa ke kawowa a yi muhawara a kanta a yanke, da yadda ƙudiri ke mutuwa nan take in babu wanda ya tashi ya goyi bayansa. Na sayi ƙaramin littafin aljihu ina rubuta duk abin da ya faɗa.

Ranar da na fara ganin an shigo da sandar majalisa a kafaɗa, kowa ya miƙe tsaye, tsigar jikina ta tashi. Ni ɗan Janfalan, yau ni ne a nan! In babu sandar nan a kan tebur, duk abin da kuka faɗa hira ce kawai. Akwai kuma wata ƙa'ida da ta yi mini daɗi ƙwarai: ba a kiran ɗan majalisa da sunansa a zaure, sai dai a ce mai wakiltar wuri kaza. Na ce alhamdu lillahi, ashe wanda ya rubuta littafin nan shi ma yana da suruki.

Amma rabin aikin ba a Kaduna yake ba, a zauren gidanka yake. Ranar Asabar ina idar da sallar asuba zan tarar an yi layin takalma a ƙofa. Lokacin tsuke bakin aljihu ne, asibiti ba magani, kananzir sai an yi dambe, makaranta ba benci. Wata tsohuwa ta taɓa zuwa tun daga Dandamisa, ba ma mazaɓata ba, ta ce an gaya mata ni ne mai sa hannu a sako jikanta da aka kama kan rikicin shanu da gona. Na yi mata bayani har na gaji cewa ni ba alƙali ba ne. Ta ce, "To ɗan nan, me kake yi a Kadunan?" Haka na sa ta a tsohuwar Fijo ɗina muka wuni a Makarfi, sai da aka zaunar da Arɗon Fulani da mai gonar aka sasanta. Irin wannan ba ya cikin littafin Malam Bitrus. Amma in mutum goma suka shigo zaurena, to bakwai maganar taki ce ta kawo su.

Ƙasarmu ta Ikara da Makarfi da Kudan ta riga ta saba da taki. Masara ce, rake ne, tumatir ne, in ba ka zuba ba sai dai ka yi wa gona kallo. Takin gwamnati mai sauƙi kuwa a hedikwatar ƙaramar hukuma kaɗai ake sauke shi. Manomi zai bar gonarsa a tsakiyar aiki, ya tako daga Janfalan ko Saulawa, ya kwana biyu ko uku a gindin sito, ƙarshe a ce ya ƙare. Bai ƙare ba, dillalai ne suka kwashe ta ƙofar baya. Wanda ya samu ma, sau da yawa sai masara ta wuce lokacinta. Sai na rubuta ƙudirina: a riƙa kai taki gunduma-gunduma kafin ruwa ya zauna, a raba a fili gaban dagaci, a kira kowane manomi da sunansa. Sau uku Malam Bitrus yana dawo mini da takardar da jan biro, ni da na saba yi wa wasu. A na huɗu ya ce ta yi.

Ranar da ƙudirin ya fito a jadawali na sa sabuwar shadda. Shugaban majalisa ya kira ni, na miƙe. Muryar aji ba ta ba ni kunya ba. Na kawo musu sito da layinsa, na kawo musu ƙofar baya. Wani ɗan jam'iyyarmu ya tashi ya goyi baya, aka yi ta buga tebur, har wasu daga ɗaya ɓangaren suna gyaɗa kai. Na zauna ina jin kaina a sama, ina ta tunanin yadda za a faɗi sunana a rediyo da yamma mutanen Saulawa su ji.

Sai Baba na Kudan ya miƙe.

Wallahi ko a mafarki ban kawo haka ba, alhali aikinsa ke nan. Shugaban masu rinjaye ba ya barin ƙudirin 'yan adawa ya wuce ya kunyata gwamnansu. Ya gyara rigarsa ya yi magana a hankali. Ya ce mai wakiltar Ikara yaro ne mai kyakkyawar niyya, amma akwai gaggawa a lamarinsa. Ya ce gwamnati tana duba maganar, babu motocin da za su shiga ƙauyuka, a yi haƙuri. Duk abin da ya faɗa ina da amsarsa a littafin aljihuna, har da sunayen masu tirela da suka ce za su shiga, har da ƙauyukan Kudan ɗinsa da ba su ga ko buhu ɗaya ba. Shugaban majalisa ya juyo ya ce, "Mai ƙudiri, kana da damar ba da amsa."

Na miƙe. Ban san lokacin da ƙafafuna suka fita daga takalmi ba. Kaina ya sunkuya da kansa. In buɗe baki in ce wa mahaifin matata maganarsa ba haka take ba, a gaban jama'a? Harshena ya ƙi. Abin da ya fito kawai shi ne, "Allah ya ƙara wa Baba lafiya." Na koma na zauna. Zauren ya fashe da dariya, har masu gadi. Shugaba ya tambayi masu goyon baya, ya tambayi masu ƙi, ya buga guduma. Ƙudiri ya faɗi.

Malam Bitrus bai bari na kai mota ba. Ya ja ni ofis ya rufe ƙofa, ya buɗe littafin ya sa yatsa a wani layi. Ya ce, "Karanta. Ƙudirin da aka kayar ba ya dawowa sai wata shekarar majalisa. Da ka ga ba za ka iya amsa masa ba, kalma ɗaya za ka faɗa, ka ce ka janye. Da mako mai zuwa mun sake shigar da shi ta wata hanya. Yanzu ka kashe wa mutanenka damina guda, saboda gaisuwa." Na karanta layin nan a baya, har na ja masa layi a ƙasa. Ban tuna da shi ba ne a lokacin da nake neman takalmina.

Daminar nan ita ce mummunar shekarata. Ruwa ya yi kyau, abin da ya fi ciwo ke nan. Taki ya iso a makare, ya bi ta inda ya saba bi. In ka bi hanyar Janfalan sai ka ga masara iya gwiwa ta yi rawaya, ta fitar da kai ba goyo. Na daina sauke gilashin mota. Wata Asabar Dogo Ayuba ya shigo zaurena, ya yi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya zaro karan masara daga buhu ya shimfiɗa a kan tabarmata. Ya ce, "Malam, ga amfanin gonata na bana, na kawo maka ka gani. Mun ji labarin abin da ya faru. Mu da muka tsaya cikin rana a bayan hotonka, ashe surukinka muka zaɓa sau biyu." Ya ɗauki sandarsa ya fita. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma gaskiyarsa ce.

Sauran shekarar na yi ta ne ina kallo da saurare. A nan na gane abin da ba a rubuta ba: ƙudiri ba a zaure ake cin sa ba. Kafin a shigo da sanda an riga an gama, a baranda, a wurin cin abinci, a gidan suna da gidan gaisuwar mutuwa. Da sabuwar shekarar majalisa ta kama, na ɗauko takardata na kai wa Malam Bitrus, na ce wannan karon na shirya. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ko ka ci, takarda ce za ta tafi ofishin kwamishina ta kwanta. Wa zai motsa tirela don ɗan adawa ya yi suna? Baki ɗaya ne a zauren nan in ya faɗa za a loda taki washegari, kuma ka san mai shi. Ka cire sunanka ka ba shi."

Raina ya ɓaci sosai. Ni na yi yawon ƙauyuka, ni na sha jan biro, ni aka yi wa dariya, sa'an nan in miƙa wa wanda ya kayar da ni? Mako guda ban leƙa ofishinsa ba. Amma zafi ya fara tsananta, hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma, mutane sun fara sharar gona. Na zauna na tambayi kaina ko sunana ake zubawa a gindin masara. Na ga ba shi ba ne.

Saura yadda zan yi maganar ta isa. Baba yana da yaya, Gwaggo Dije, mai sayar da mazarƙwaila a kasuwar Makarfi. Ita ta goye shi yana jariri, kuma ita kaɗai ce a duniya ke ce masa kai tsaye ya yi shiru. Ranar kasuwa na same ta a rumfarta tana korar ƙudan zuma da mafici. Na durƙusa na zayyana mata komai. Ta ce, "Au, kai ne mai tuɓe takalmin? Har nan labarin ya zo. Ni ma raken da ake yi mini mazarƙwaila bana duk ya tsumbure. Ka zo gidana ranar Lahadi bayan la'asar."

Zaman nan ba zan manta da shi ba. Baba a kujera yana fuskantar katanga, ni a ƙasa a bakin ƙofa ina kallon tabarma, Gwaggo a tsakiya a kan turmi. Tsakaninmu bai fi taku huɗu ba, kowa na jin numfashin kowa, amma komai sai ya bi ta bakinta.

Na ce, "Gwaggo, a gaya wa Baba na kawo takardar nan ne, in ya ga ta dace ya shigar da ita da sunansa."

Ta juya wajen Baba ta ce, "Ka ji. Ya fi ka hankali."

Baba ya karɓa ya karanta har ƙarshe. Can ya ce, "Yaya, ki tambaye shi, wa ya ce ya tuɓe takalmi a majalisa? Can gidana ne? Na tashi ina jiran ya kayar da ni in huta, don na san gaskiya ya faɗa, sai ya tsaya yi mini addu'a. Mutanen Kudan bana ko gaisuwar kirki ba sa yi mini."

Gwaggo ta juyo gare ni ta ce, "Ka ji. Kai ma ashe sakarai ne."

Sa'an nan ya kawo sharaɗinsa. Ya ce a ɓangarensu akwai waɗanda hannunsu ke cikin buhun taki dumu-dumu, in an zo ƙirga za su zame masa. Sai ya samu mutane daga namu ɓangaren. Kuma ni zan tashi in goyi bayansa da bakina, kowa ya gani. Na ce a gaya wa Baba na ji. Gwaggo ta ba kowannenmu ƙullin mazarƙwaila ta ce mu tashi mu ba ta wuri.

Kwana goma na yi ina farautar mutane, ga wahalar mai. Wata rana a layin gidan mai na kama wani ɗan majalisa, muka wuni cikin motarsa, kafin a zo kanmu ya amsa. Wani ɗan majalisar kuma manomin citta ne daga kudu, shi ko gama bayani ban yi ba ya ce in rubuta sunansa. Wani ya yi mini rantsuwa uku, na fito na soke sunansa, don na riga na koyi cewa mai yawan rantsuwa ba ya tashi ranar ƙirga. Labari ya kai kunnen mai tsawatarwa na jam'iyyarmu, wanda aikinsa shi ne ya ga ba wanda ya fita daga layi. Ya tare ni a baranda ya ce, "Ashe sayar da mu za ka yi wa surukinka? In ka miƙe ranar nan, ka gama siyasa a jam'iyyar nan." Na ce masa na ji, Allah ya kai mu.

Ranar ta zo, an yi yayyafin farko da safe, ƙasa tana ƙamshi. Baba ya miƙe ya karanta ƙudirin, kalmomina ɗaya bayan ɗaya, da wata irin murya kamar da su aka haife shi. Ni kaina sai da na ji maganar ta fi kyau a bakinsa. Shugaban majalisa ya ce, "Akwai mai goyon baya?" Ɓangarensu aka yi tsit, kowa na kallon silin. Mai tsawatarwarmu yana bayana, ya damƙe gefen rigata. Na fizge har ɗinkin ya yi ƙara, na miƙe, takalmina a ƙafata. Na ce ni mai wakiltar Ikara ina goyon bayan mai wakiltar Kudan. Na buɗe littafin aljihuna na zazzage duk abin da na haɗiye bara, ƙauye bayan ƙauye, da masu tirelar da ke jiran a kira su. Zaure ya kaure, wasu na buga tebur, wasu na ce mini maci amana. Aka tambayi murya ba a bambance ba, sai shugaba ya ce a tashi a ƙirga. Ina tsaye ina bin kawuna da ido. Manomin citta ya tashi. Mutumin gidan mai ya tashi. Mai rantsuwa yana zaune yana gyaran hula. Akawu ya miƙa takarda, shugaba ya duba ya buga guduma. Mun ci, da ƙyar, amma mun ci! Na waiga na ga Malam Bitrus ya sunkuyar da kai yana rubutu, bakinsa har kunne.

Ba a yi mako uku ba tirela ta shigo Janfalan. Tun da aka kafa garin ba a taɓa ganin mota mai wannan girma ba, sai da aka sare reshen tsamiya ta samu wucewa. Mata na guɗa, maza na bin ta da gudu. Aka sauke buhuna gaban dagaci, aka riƙa kiran suna, mutum ya ɗauki nasa ya ɗora a jaki ko keke, kafin azahar yana gonarsa. Haka aka yi a Saulawa, haka a Dandamisa, haka a ƙauyukan Kudan. Ina tsaye a gefe, daɗi kamar ya kashe ni. Maroƙa kuwa sunan Baba suke ta wasawa, rediyo ma shi ta faɗa, har sau uku a rana ɗaya. Jam'iyyarmu ta daina kira na taro. A Saulawa Dogo Ayuba ya wuce ni da buhu a kafaɗa ya ce, "Malam, ka ga yadda manya ke aiki ko? Ka riƙa koyo." Na ce to, ina koyo.

Masarar shekarar ta yi abin kallo, baƙa ƙirin, in ka shiga ba a ganin hularka. Muna cikin girbi wata safiya rediyo ta canza kiɗa, aka ce sojoji sun rushe majalisu duka, kowa ya koma gidansu. Na je Kaduna na kwaso kayana, kuma duk abin da na tara ya shige but ɗin Fijo har da sauran wuri. Na yi sallama da Malam Bitrus yana mayar da littafinsa cikin leda. Na dawo ba kujera, ba jam'iyya, ba makaranta.

Bayan sati biyu sai ga Dogo Ayuba da dattawan Saulawa uku, da buhun masara a bayan jaki. Aka gaisa. Ya ce, "Malam, rumbunanmu sun cika, har mun rasa wurin zubawa. Mun ce ba za mu yi butulci ba. So muke ka rubuta mana takardar godiya zuwa ga surukinka, tun da kai dai rubutu ka iya. Ka kai masa da buhun nan, ka ce daga mutanen Saulawa." Na ɗauko takarda da biro. Suna faɗa ina rubutawa, na gyara musu inda ya kamata, na yi musu rubutun da ban taɓa yi wa kowa mai kyansa ba. Suka dangwala yatsa.

Ranar Lahadi na kai gidan Gwaggo Dije, aka sake zama irin na da. Baba ya karanta takardar a hankali, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. Ya yi gyaran murya ya ce, "Yaya, ki gaya masa takardar na karɓa, zan ajiye. Buhun kuwa ya ɗauka ya kai gidansa. Masararsa ce."

Gwaggo ba ta maimaita ba, ta san na ji. Idona ya cika. Na tashi na cicciɓi buhun na kai mota da kaina. Wata biyu muna cin tuwonta a gidana, kuma har Dogo Ayuba ya rasu ban gaya masa inda buhunsa ya kwana ba.